Harsashi na Huɗu

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da ma'ajiyar makamai, akwai wata Laraba da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah. Lokacin ina Kofur, igiya biyu, a wani ofishinmu da ke ƙasar Daura. Ina ba ku labarin ne ku da kuka shigo aikin kwanan nan, don na lura wasunku na riƙe bindiga kamar sandar rake.

Damina ce, da hantsi. Wani Alhaji mai gonar kaji a hanyar Mai'adua ya aiko da bindigarsa a duba kafin a sabunta masa lasisi. Doguwar bindiga ce mai ƙaramin harsashi, irin wadda muke kira poyin-tu-tu, harsashinta bai fi gaɓar yatsa ba. Mutane na raina ta, alhali tana kashe mutum sarai. Kuma irin mai ɗura kanta ce: kana harbawa za ta tofar da kwanso, ta jawo wani harsashin daga magazin, wato gidan harsashi, ta ajiye shi a gindin bututu yana jira.

Wanda ya kawo ta maigadin gonar ne, Baba Ɗanjuma, tsohon maharbi. Shekara arba'in ya yi yana yawon daji da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mutum ne mai barkwanci, yana shigowa ya fara tsokanata wai mu 'yan kaki sai dai faretin safe, ko zomo ba mu taɓa kayarwa ba. Na tambaye shi yaushe aka yi amfani da ita. Ya ce jiya Alhaji ya zuba mata biyar, ya harbi wani shaho da ya addabi 'yan tsaki sau ɗaya, bai ma same shi ba.

Ƙa'idarmu kafin a taɓa bututu mataki uku ce. A cire magazin, a ja ƙarfen ɗanawa baya, sannan a leƙa gindin bututun da ido, a kuma sa yatsa a tabbatar babu komai a ciki. Na cire magazin na ajiye a tebur. Ban kai ga ja ba sai na ji Sufeto, shugabana, yana ƙwala mini kira, wai ina na ajiye makullin akwatin takardu. Na tafi na nemo masa. Da na dawo na ga magazin a tebur, zuciyata ta ba ni cewa na gama komai. Wannan shi ne kuskurena, kuma ban da wanda zan ɗora wa.

Na ɗaura tsumma a kan siririn ƙarfen da muke share bututu da shi, na ɗiga mai, na zura ta baki. Irin wannan harsashi yana barin darma da maiƙo, tsumman farko ya fito baƙi ƙirin. A karo na biyu na ji ƙarfen ya tsaya kafin ya kai inda ya saba kaiwa. Na ɗauka datti ne ya daskare, har na ɗan dunguri abin sau biyu.

Baba Ɗanjuma ya gaji da kallona. Ya ce yaran zamani ba mu san ciwon bindiga ba, in ba shi ya nuna mini. Kafin in ce uffan ya karɓe ta, ya dasa gindinta a ƙasa, ya sunkuya ya sa bakin bututun a bakinsa ya hura. Haka maharba ke yi wa bindigar toka bayan sun wanke ta. In iska ta fita ta ƙaramar ƙofar da wuta ke shiga, to hanya a buɗe take. Shi a wurinsa wannan kamar alwala ce, ba ya ma tunani.

Ni kuma na juya ina fitar da harsasan magazin don in rubuta su a littafi. Ɗaya, biyu, uku. Na girgiza shi, babu saura. Biyar aka zuba, ɗaya aka harba. Na dubi ƙarfen da ya ƙi kaiwa ƙarshe, na dubi tsohon nan, sai na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Na huɗun yana gindin bututu, kansa na kallon ganɗar Baba Ɗanjuma.

Iska ta ƙi fita, don haka ya ƙara cika kumatu, ya kuma saukar da hannun dama yana lalube a jikin bindigar, yana neman ƙofar da ya saba jin fitar iska da yatsa. Ita kuwa wannan ba ta da ita. Abin da ke wurin kunama ce, wadda ake ja a harba, kuma ina hango jan ɗigon da ke nuna makullin da ke hana ta tashi a buɗe yake. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko a ranar da 'yan fashi suka buɗe mana wuta. Idan na yi ihu zai zabura, yatsa ya matse. Idan na kai hannu na fizge, ni da kaina zan ja masa. A zuciyata na ga matarsa da jikokinsa a tsaye a ƙofar ofis suna tambayata.

Ban san daga ina dabarar ta zo ba, Allah ne dai. Na sassauta murya kamar wanda ya shigo zaure, na ce, "Salamu alaikum, Baba."

Dattijo irinsa ba ya barin sallama ta faɗi ƙasa. Ya ɗago kai, ya cire baki, yana dubana da mamaki. "Wa alaikumus salam. Kofur, lafiya? Ba tun ɗazu muke tare ba?"

Kafin ya rufe baki na riƙe bututun na kawar da shi wajen buhunan yashin da ke kusurwa. Na roƙe shi ya buɗe hannunsa a hankali, ya buɗe. Na ja ƙarfen ɗanawa baya. Harsashin ya yi tsalle ya faɗo a siminti, ya gangara har gaban takalminsa.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya nemi benci ya zauna, ya cire hula, yana ta maimaita innalillahi. Ni ma zama na yi a ƙasa da kakina. Da ya samu magana, ba zagina ya yi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, tawa ba ta taɓa ɗura kanta ba. Abin da na zuba mata shi ke cikinta."

Na je na faɗa wa Sufeto da bakina. Ya wanke ni tas, ya ce da makullinsa da ran mutum wanne ya fi, ya ba ni gadin ƙofa na mako biyu. Ban ji haushi ba ko kaɗan, har gani na yi ya yi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, gwani ma da sabonsa yake aiki, kuma sabo bai san an canza bindiga ba. Baba ya yi abin da ya tsare shi shekara arba'in, ni kuma na amince da abin da nake zaton na yi. Tun daga ranar, in an kira ni ina tsakiyar matakan nan uku, ko waye, sai ya jira. In kuwa na ajiye ta na dawo, daga farko nake somawa. Shi ya sa kuke ganina da furfurata ina sa yatsa a bututun da na riga na leƙa, kuna ƙunshe dariya. Ku yi dariyarku. Baba Ɗanjuma ya ƙara shekara tara a duniya, kuma duk inda muka haɗu a kasuwar Daura, shi yake riga ni yin sallama.