Ranar Da Na Zo Na Ƙarshe A Gonar Surukina

Shekarun baya, ina saurayi ina koyarwa a wata firamare kusa da Yako, na ga yarinya na ce ina so, ita ma ta ce tana so. Sai dai babanta dattijo ne da ba ya auna mutum sai da garma. A garinsu kuwa al'ada ce mai neman aure ya kai wa surukai gayya, ya tara abokansa su yi musu huɗa da damina.

Gayyar farko da na kai, Allah kada ya maimaita mini. Makaɗi ya saki gangar noma ya kama yi mini kirari, ni kuwa kaina ya kumbura. Na afka wa gonar nan kamar an biyo ni da bulala. Kafin rana ta yi zafi idona ya rufe, sai farkawa na yi a gindin ɗorawa ana yi mini fifita da malafa. Daga baya saƙo ya iso: dattijon ya ce bai ƙi ni ba, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda za ta riƙa yi wa fifita a gona ba. In damina ta zagayo in sake zuwa. In aka kuma, a bar maganar.

Raina a jagule na hau mashin na tafi Bebeji wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata. Da ƙuruciyarsa ya yi wa jiha gudun dogon zango, yanzu gyaran injin ban ruwa yake yi. Ya saurare ni, ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya ce, "To Malam mai alli, baɗi me kake so?"

Na ce, "Kawu, so nake in wuce kowa."

Ya ce, "Ashe za ka sake shan fifita. Wuce wani ai ba a hannunka yake ba, a ƙafar wancan yake. Mu a filin gudu, wanda ya bi saurin na kusa da shi, shi ake kwasa a hanya. Zaɓi abin da yake naka."

Na ce, "In kai la'asar da garma a hannuna."

"Yawwa! Yanzu ka yi magana."

Tun da rani ya sa ni a gaba. Duk ranar da babu makaranta, da asuba ina fadamarsa ina sara, shi yana zaune yana tafa mini hannu a hankali, kowane tafi sara ɗaya. In na ƙara sauri sai ya daka mini tsawa. Abin da ya fi ba ni haushi, ina jin ƙarfina zai ce in ajiye, wai a bar na gobe. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Sai daga baya na lura mutumin nan ya samu ɗan ƙwadago kyauta, amma dai kowane mako ina daɗa jimawa a tsaye.

Ranar gayya ta zo, kawu ya biyo ni ya zauna a gindin ɗorawar nan. Ganga ta tashi, abokaina suka yi gaba, aka bar ni a baya ina sara ɗai-ɗai. Wani abokina ya waiwayo ya ce, "Ango, ko a kawo malafar tun yanzu?" Aka kwashe da dariya. Wallahi ta yi mini ciwo, amma na haɗiye.

Inda na kusa lalacewa shi ne da mata suka kawo fura, na hango yarinyar a cikinsu. Makaɗi ya matso har kunnena. Ban san lokacin da hannuna ya fara bin ganga ba. Sai na ji tafin nan daga gindin bishiya, a hankali, a hankali. Na cije, na sunkuyar da kai, na koma saran da na saba.

Bayan azahar masu saurin nan suka fara zamewa inuwa ɗaya bayan ɗaya, har mai maganar malafa. Bayana kamar zai balle, amma ban ajiye ba. Can na ji sara a gefena daidai da nawa. Na saci kallo, ashe dattijon ne da kansa, shi ma tun safe haka yake tafiya. Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Ni na fita daga gonar a ƙarshe.

Dattijon ya dubi huɗar da na yi, ya taka ta da ƙafa, ya dubi tafin hannuna. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki."

Ya ce, "Wancan mai tafin, kawunka ne? Ka ce masa ya zo da sauran magabatanka ranar Juma'a."

Har yau in na sa wani abu a gaba, sai na tambayi kaina: wannan a hannuna yake ko a ƙafar wani? In na ji ana zuga ni, sai in rage sauri. Uwargida kuwa ba ta daina tsokanata ba, in yara suka tambaya sai ta ce babansu ne ya zo na ƙarshe. Nakan ce mata gaskiya ne, amma ta gaya musu wa aka ba matar.