Garwashin da Bai Iso Gida Ba

Ana kiran la'asar, ranar kasuwar Dungas, dogarin sarki ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ya ce kwamanda, Baturen mulki, na neman yara a lakwal, wato makarantar boko ta Magariya, kuma har da ni. Gobe da safe tafiya.

Daga ni sai Kaka a gidan. Bayan magariba ta hura karan gero kamar kullum, na jingina da ƙafarta.

"Ga ta nan, takwara."

"Ta zo mu ji," na ce, alhali babu wani mu, ni kaɗai ce.

Ta ce wuta ce ta mutu a gidan wata tsohuwa, ta aiki jikarta ɗibar wuta da tsingaro. Maƙwabta ba su da ita, garin gaba ma haka. Yarinya ta yi ta tafiya har ta hau sama, inda taurari ke ci fari fat. Ta roƙa, aka ɗora mata garwashi guda. Da ta juyo sai hanya ta ɓace mata, garwashin kuwa ya fara hucewa, ya koma ja. Kaka ta nuna da haɓa. Ga jar tauraruwa can kudu, bisa gawo, ita kaɗai.

"Kaka, zai mutu kafin ta iso gida?"

"Ji ta da gajen haƙuri! Ki zo hutu ki ji sauran."

Kafin hutu aka binne ta.

A Magariya ban yi ƙawa ba. In yara sun fita gaɗa, sai in raɓe a jikin katanga, in duba ko tauraruwar na nan. A raina, muddin ba ta mutu ba, akwai sauran gidan komawa. Kunya ta hana ni tambayar kowa.

Bayan shekaru, a makarantar Damagaram, malaminmu da muke kira Mushe ya riƙe gilashi mai kusurwa uku a bakin taga, hasken rana ya watsu a bango kamar bakan gizo. Ya ce haka ake tsefe hasken tauraro, a auna launukansa, a san zafinsa. Farare sun fi zafi, jajaye sun huce.

Na jira har kowa ya fita. Sannan na ce, "Mushe, jar nan ta kudu, mutuwa za ta yi?"

Ya ajiye gilashin, ya dube ni.

"Tsohuwa ce kam, ta kuma huce. Amma ko tattaɓa-kunnenki za su same ta tana ci."