Yadda Na Je Boyekai Neman Taken Babana

Laraba: Sakkwato zuwa Rabah

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na rataya jaka na bar wa maƙwabcin rumfar facina saƙo: duk wanda tayarsa ta sace yau, ya tura. Ku da muke zaune tare can bayan gari kun san dalili, amma bari in faɗa saboda baƙi. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa ƙungiyar unguwarmu wasan kwaikwayo da ilimina na aji shida, muna yi a filin firamare bayan La'asar. Mutanen cikin gari ba su taɓa leƙowa ba. A wurinsu bayan gari ba a samun komai sai bulo da awaki.

Wasan bana kan marigayi babana ne, Garba Sarkin Noma, kuma akwai wurin da dole a ji takensa na gangar noma. Nasiru mai fiyanonmu ya ce kowane kiɗa yana cikin na'urarsa. Ya danna mini wani abu kamar ana dukan bokiti. Ƙungiya ta ba ni zuwa Asabar, in kawo na gaskiya ko a sa bokiti. Mutum ɗaya ya rage da ya san taken nan, Baba Ummaru makaɗi, kuma ya haura tamanin.

Mota ta cika shida da minti arba'in, mu huɗu a baya, ni da buhun wani a cinya. A shinge jami'in tsaro ya leƙo ya ce ina za ni. Na ce neman kiɗa. Ya dube ni ya ce, "Da wannan fuskar?" Duk motar aka yi dariya, ban da ni.

Takwas saura muka shiga Rabah. Na sha shayi, na nufi gidan Baba Ummaru da na sani tun ina yaro. Wani dattijo a zaure ya ce, "Ummaru? Ya bar garin ga tun da anka daina kiran ganga gayya. Yanzu maganin feshi ka noma. Shina Wurno wurin ɗiyatai."

Wurno

Ɗan kabu-kabu ya yanka da ni ta hanyar ƙauyuka, awa ɗaya da rabi, sau biyu ina sauka muna tura babur cikin taɓo. A Wurno ɗiyar Baba ta ce tun ruwan farko ya koma Boyekai wurin ɗansa. Kafin in gama jin haushi hadari ya haɗo, aka tsuge har La'asar, kuma ba mai hankalin da ke bin hanyar Boyekai da yamma. Na shiga hubbaren Sarkin Musulmi da ke garin na yi addu'a, na wuce gidan taubashiyata Kulu mai sayar da shinkafa.

Tun daga ƙofa ta fara. "Bello Faci! Kai da kag gudu daga gonar Kawu da tsakar damana, kai ka neman gangar noma?"

Gaskiya ta faɗa. Ina ɗan sha biyar babana ya ce a gaban 'yan gayya hannuna na cokali ne. Washegari na hau mota, ban sake taɓa galma ba, har ya rasu ba mu yi maganar ba. Na ce mata ta kawo tuwo ta bar tarihi. Ta kawo na shinkafa da miyar kuka, ta ɗora cokali a kai da gangan. Sannan ta ce za ta raka ni, wai kada in ga gona in sake guduwa.

Alhamis: Goronyo da Boyekai

Bakwai muka tashi, takwas da kwata muna Goronyo. Muka ci masa a tasha, muka ɗauki babura biyu. Garken shanu ya tare mu kusan minti goma, mai su yana ta ba Kulu haƙuri da Fulatanci tana amsa masa da abin da ta iya.

Mun sami Baba Ummaru a gindin gawo bakin gonar ɗansa, ido ya yi rauni, ganga rataye a reshe. Ina yin sallama ya ce, "Ɗan Garba ne. Muryar ce, ƙarhin ne babu."

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro, na yi bayani. Na zauna a tabarma na saita waya don in ɗauki kiɗan. Ganga tana nan rataye. Na ce, "Baba, bisimilla."

"Mi kaka yi nan?"

"Ina zaune, Baba, in ɗauka."

"To zauna. Gangar noma ba ta san mai zaune ba. Shekara arba'in ban taɓa kaɗa ma Garba shina zaune ba, ba ni farawa ga ɗanai."

Na ce masa ƙuguna ba lafiya. Na ce wasa ne kawai za mu yi. Ya ɓare goro yana ci kamar da iska nake magana. Ɗansa, magidanci mai furfura, ya ajiye galma a gabana. Kulu ta fizge wayar ta ce, "Tashi, mai cokali. Asabar jibi ta."

Na tuna bokitin Nasiru. Na tuɓe riga, ɗan ya sauko wa Baba da ganga.

Sara na farko galma ta kauce ta kusa cire mini yatsa. Sai ganga ta ɗauka. Wallahi ban san ƙafata ta riƙe abin nan ba. Shekara talatin da biyar, amma kiɗan na faɗa mini inda zan sara da inda zan ja. Muryar tsohon ta fito, siririya amma ba rawa: "Garba na Ige, rana ta gaji kai ba ka gaji ba!" Na ga bayan babana a gabana, zufa na bin tsagin wuyansa. Kunya ɗaya, biyu. A ta uku ƙugu ya riƙe, na dafa ƙota ina nishi. Baba bai tsaya ba, sai ya juya kiɗan ya ce, "Bello na Garba, ya makara amma ya zo!"

Abin da ya zubo mini a fuska zufa ce. Kulu ta ce ba zufa ba ce. Kulu ba ta da aiki.

Gida

Sha biyu muka baro Boyekai, na sauke Kulu a Wurno, huɗu da rabi ina unguwa, a karkace kamar tsohuwar taya. Yau Juma'a na kunna wa ƙungiya. Gangar ta fito tas, tare da dariyar Kulu da ni ina cewa wayyo ƙuguna. Nasiru ya ce zai iya yanke nishin, amma kirarin ƙarshe da Baba ya yi mini zai tafi da shi. Na ce a bar shi. Ya sake saurara sau uku, ya rufe fiyano da zane, ya ce, "Kawu, wanga babu shi cikin na'ura."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Baba Ummaru, Allah ya ƙara masa kwana, da ɗansa da na ɓata wa kunyoyi uku sai ya sake huɗa su. Kulu ma na gode mata, amma kada kowa ya faɗa mata. Wasa gobe bayan La'asar, kowa ya zo da bencinsa. Masu faci kuma ku ci gaba da turawa, ni ban iya sunkuyawa ba tukuna.