Kukan Ƙofar Garejin Baba

Ƙofar garejin gidanmu na Rano ta ƙarfe ce, irin wadda ake turawa gefe a kan dogo. Nauyi gare ta, kuma in aka tura ta sai ta kwarma ihu kamar akuyar da aka take wa ƙafa, har maƙwabta suna ji. Kowa ya tsani kukan nan in ban da Inna, mahaifiyarmu.

Baba direba ne. Ya daɗe yana jigilar fasinja tsakanin Kibiya, Rano da Kano, har ya yi hatsarin da ya taɓa masa kai. An sayar da motar, amma shi bai taɓa yarda an sayar ba. A garejin yake wuni cikin tsofaffin tayoyi, kuma in abin ya motsa sai ya gyara hula ya ce fasinja na jiransa. Mun taɓa sa wa ƙofar kwaɗo, ya daina cin abinci, dole muka cire. Saboda haka kukan nan ne kaɗai mai gadinsa. Kafin ya tura ta yadda mutum zai iya fita, Inna ta riga ta iso.

"Alhaji, ka ci abinci tukuna, fasinja ba za su gudu ba," haka take cewa, shi kuma ya biyo ta.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, ana ta cewa ɓarayi sun shiga uku, amma satar babura ba ta fasa ba. Yayanmu, ɗan farin Inna, ya shiga siyasa ta karɓe shi. Aka ba shi ajiyar baburan da za a raba wa magoya baya, ya jere su a garejin. Ni kuwa ina gida wankan jego, don haka komai a kan idona aka yi.

Saboda ɓarayi Yaya ya zo da mai gyara daga Kano, da wani injin buɗe ƙofa mai rimot. Suka kankare tsatsa, suka sauya ƙafafun ƙofar, suka lafta wa dogon giris. Inna tana jin aikin daga tsakar gida, hankalinta ya tashi, amma ba halin magana. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, balle ta tsaya musu da shi. Tun da aka haife shi "wancan" take ce masa. Da ya shigo shan ruwa sai ta juya baya, ta yi kamar da ni take.

"Wasu dai su bar ƙofa da kukanta."

Ni da ba ni da wannan kunyar na faɗa masa dalla-dalla. Ya yi dariya irin ta wanda aljihunsa ya cika.

"Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. In injin nan ya kama ƙofa, ko ƙarti goma ba sa tura ta, balle Baba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ke ƙona min rai har yau. Sai dai wutar lantarki a Rano baƙuwa ce, don haka injin yana da wata jar igiya da ake ja in babu wuta, ya saki ƙofar a tura da hannu. Da aka gama aiki, Yaya ya kamo hannun Baba don ya sa albarka, yadda ake yi in ɗa ya kawo sabon abu gida. Ya nuna masa rimot, ya nuna masa igiyar, ya ja ta, ya tura ƙofar da yatsa ɗaya. Ta tafi sumul, ko motsi ba ka ji. Baba ya yi addu'a, idonsa a kan igiyar. Kan ne ya taɓu, hannun har yanzu na direba ne.

Daga ranar Inna ba ta ƙara zama ba. Ta ɗora tukunya ta leƙa, ta idar da salla ta leƙa. Na ɗaure igiyar can sama, yaran siyasar Yaya suka kwance ta da suka zo ɗaukar babur.

Wata Juma'a ce cikin damina, maza duk suna masallaci. Inna tana yi min wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya, jaririyata na tsala kuka. Da ta gama ta ɗauki kwanon Baba ta nufi gareji. Ƙarar faɗuwar kwanon na ji. Ƙofar a buɗe take daidai faɗin mutum ɗaya, baburan duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, amma babu Baba.

Mutane da yawa sun gan shi ya bi hanyar Kibiya. Sun gaishe shi, ya amsa lafiya lau, ya ce zai ɗauko fasinja. Ba wanda ya tare shi, domin mun rufa wa ciwonsa asiri, maƙwabta na kusa kaɗai suka sani. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari manoma suka same shi a ƙarƙashin wani kwalbati, ruwa ya tura shi cikin ciyawa.

Bayan sadakar uku Yaya ya shigo ya durƙusa a bakin ɗakin da Inna ke takaba. Na gyara zama don in karɓi saƙo in miƙa, kamar kullum. Sai ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa na yanka. Mutum mai furfura a gemu, bai taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Ya ɗago a firgice.

"Na ce ka bar min ƙofata da kukanta," ta ce.

Ta juya ta fuskanci bango. Har ta rasu ba ta sake kiran sunan ba.