Jirgin Maigidana da Yumɓun Jiratawa

Ko na manta sunayen jikokina, ba zan manta shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maraɗi ba. A tsakar gidana ya sauka, a unguwar Zariya, daidai inda nake shanya kuɓewa.

Maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko. Da ya ajiye aiki, ɗanmu ya aiko masa da kwali: jirgin wasa mai cin pil, wato batir, bai kai muciya tsawo ba, da layin dogo mai faɗin yatsu biyu. Dattijo da furfurarsa ya durƙusa da littafin Faransanci yana auna inda tasha za ta zauna. Wai har da tudu da gada. Ya sa aka kawo masa yumɓu daga Jiratawa.

Ni kuwa 'yar Jiratawa ce, cikin tukwane na girma. Ina kallo ya kwaɓa yumɓun tsura, ba ƙaiƙayi, ba dakakken tsingaro, ya danna layin a kai, ya bar wa rana.

Na ce, "Malam, haka littafin ya ce?"

Ya ce, "Hajiya, aikin injiniya ne wannan, ba tukunyar miya ba."

Na yi wa injiniya fatan alheri, na ja bakina. Kwana biyar ina ganin tsaga tana tafiya ta bayan tudu, yumɓun yana ƙanƙancewa yana karkata layin. Kowace safiya sai na leƙa na gaishe ta.

Ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa, har da wanda ya taso daga Tibiri a kabu-kabu. Bayan la'asar aka kunna. Jirgi ya wuce tasha da taƙama, ya hau gada, ya faɗo rigingine, ƙafafu na juyawa kamar buzuzu. Na Tibirin ya ce, "Mushe, fasinjojin dai Allah ya jiƙansu." Aka kwashe da dariya.

Ranar da nake jira ke nan, amma daɗin bai zo ba. Na ga ya durƙusa shi kaɗai yana tsintar tarago. Sati guda bai fita fada wurin hira da abokansa ba, tuwo ma sai dai ya taɓa.

Na daka tsingaro, na kwaɓa sabon yumɓu da ƙaiƙayi, na sa ya sake gini a rumfa, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na hana shi ɗora layi sai da ya bushe sarai. Jirgi ya zagaya sau bakwai bai ko yi tuntuɓe ba.

Bai ɗago ba ya ce, "Kin sani tun farko?"

"Na sani."

"To mi ya hana ki faɗi?"

Tun daga nan, in na hango mutum zai faɗi, ina faɗa masa ko zai raina ni. Rainin yini guda ya fi mini sauƙi da in zauna ina kallon kunyar nawa.