Giginyar Mai Keke

Mai Keke ake ce mata a layin, saboda keken ɗinkinta da ba ya hutawa. Mijinta direban babbar mota ne. Shi ya taɓa kawo mata wata 'yar giginyar ado daga bakin teku, cikin gwangwanin fenti, ganyenta a buɗe kamar mafici. Kowa ya ce ba za ta yi rai ba, don garinsu in sanyi ya kankama ruwa har daskarewa yake a bokiti. Ita kuwa ta sa kanta, ta mayar da ita cikin tukunya. Da zafi ta fitar da tukunyar tsakar gida, da sanyi ta jawo ta zaure.

Gida ɗaya suke da wan mijin, wanda duk gidan ke kira Yaya. Mijin ya rasu ana tsakiyar sanyi. Tana ɗaki tana karɓar gaisuwa, Yaya ya fitar da tukunyar waje don babur ɗinsa ya samu wuri a zaure. Ko da ta farga, ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an dafa shi.

"Yaya, wa ya fitar min da ita?"

"Ni ne. Mutum ya mutu, ke kina ta tsiro?"

Ta ja tukunyar zuwa ɗakinta, ta yanke abin da ya ruɓe. A gindi ta ga ɗan toho guda da sauran kore. Ta ajiye shi bakin taga kusa da keke, tana ba shi ruwa mai ɗumi. Ta ɗinka masa riga da tsohon bargo, har da zif. Kafinta ya yi mata katako mai tayoyi don ta riƙa tura tukunyar tana bin rana. Duk sabon ganye da ya buɗe, sai ta leƙa ƙofar Yaya ta cije leɓe.

Shekaru suka ja, giginya ta wuce tsayin mutum. Masu wucewa suka fara leƙowa, gidan ma ya koma gidan mai giginya. Sai ga Yaya yana jan baƙinsa wurinta.

"Ai mun sha wahala da ita," in ji shi, yana shafa ganye.

Mai Keke na ji daga ɗaki, sai ta ƙara wa keke gudu.

Da bikin 'yarsa ya matso, Yaya ya cika baki wa dangin ango cewa a gindin giginya za a ɗauki hotuna. Ya sayo ƙananan fitilu ya rataya mata.

"Ki goge mana ganyen ya yi ƙyalli."

"To, Yaya."

Ranar biki da safe, yana wurin aski, ta kira mai a-kori-kura. Ƙarti suka ɗora tukunyar, aka kai ta gidan 'yarta a ɗaya gefen gari. Fitilun kuwa ta naɗe su tsaf ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Ya dawo da mai hoto a bayansa, ya tarar da zoben laka a siminti inda tukunyar take a da.

"Ina giginyar?"

"Ta je ganin jikokinta."

"Yau? Kin san abin da kika yi min kuwa?"

"Na sani sarai, Yaya. Na daɗe ina jiran ranar da za ka so ta."

A jikin bango aka ɗauki hotunan, dangin ango na tambaya, Yaya na inda-inda. Matan gida suka yi ta roƙonta ta ba shi haƙuri, ta ce ko a mafarki. Amarya dai abin bai shafe ta ba, don kayan da Mai Keke ta ɗinka mata sun fi na kowa kyau a wurin. Yaya bai sake amsa gaisuwarta ba, ita ma ba ta fasa gaishe shi kullum da safe ba, da murya mai daɗi, yadda duk gidan zai ji.