Ranar Da Yumma Ta Leƙa Madubin Bincike

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ranar da na kai mahaifiyata ɗakin bincikenmu a Soba ba za ta fita daga raina ba. Kafin yaƙi ne, muna zaune a unguwar Alsawra, a Umdurman.

Yayana ya shanye a ƙafar hagu tun yana rarrafe. Yumma, kamar yadda muke kiran mahaifiyarmu, ta yi imani ita ta jawo: wai ta kwantar da shi ƙarƙashin bishiya da tsakar rana, iska ta taɓa shi. Da wannan ta rayu har ya yi gemu. Ni kuwa karatuna ya kai ni ga ƙwayar shan inna, sai na ga ina da abin da zai sauke mata nauyin.

Muka tsallaka gada daga Umdurman, tana ta gyara mayafinta na tob a mota. A ɗakin na nuna mata tantanin jiki a madubin bincike, ƙananan ɗakunan da aka gina mutum da su. Kowanne yana da cibiya mai ƙofofi: saƙo ya fita, kayan aiki su shiga. Mun sa wa kayan aikin koren launi. A lafiyayyen tantani koren ya taru a cibiya. A wanda muka sa wa wani sinadarin furotin na ƙwayar cutar, ya watse a waje, domin furotin ɗin yana datse ƙofofin kamar almakashi. Cibiya ta rasa iko, ƙwayar ta mai da gidan nata.

"Yumma, irin wannan ɓarnar aka yi wa jijiyoyinsa," na ce. "Ba bishiya ba ce. Ba ke ba ce."

Ta daɗe da ido a madubin.

"Ya bitti, 'yata, wannan abin ne ake ɗiga wa yara magani dominsa?"

Na ce shi ne.

"Masu ɗigon sun zo layinmu. Yana barci. Na ce su wuce, wani lokaci."

Ba ta yi kuka ba. Ta yi wa abokan aikina godiya ɗaya bayan ɗaya, muka koma gida. Da la'asar ta dafa gahawar jabana kamar kullum, ta miƙa wa yayana kofin farko. Ba ta sake ambaton bishiya ba, ba ta kuma ambaci masu ɗigon ba. Sai dai duk jaririn da aka haifa a danginmu bayan nan, ita ke goya shi zuwa asibiti.

Bayanina daidai ne, har yau ban ga kuskure a ciki ba. Amma na koyi cewa kafin ka raba mutum da abin da ya jingina da shi, ka fara tambayarsa me ke bayan abin.